Kafin ka ce wa yaro ya yarda da kansa

Kwanakin baya aka yi wani taron matasa a nan wajenmu, tsakanin unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi ta Ghana. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗauko wani mai jawabi tun daga Accra, ya sha farar shadda, ya riƙe makirfo kusan awa biyu yana ce wa yara ku yarda da kanku, ku ci babban buri, ba abin da zai gagare ku a duniyar nan. Yara sai tafi suke, wasu na ɗaukar bidiyo don su sa a sitatus. Ni ina can baya a tsaye. Da aka tashi na tare yara uku da na taɓa koyarwa a JHS, wato ƙaramar sakandare, duk sun gama sakandare suna zaune a gida, fuskarsu sai sheƙi take don daɗin maganar da suka ji. Na ce to madalla, gobe da safe in Allah ya kai mu me za ku fara yi? Suka kalli juna. Can ɗaya ya ce, "Sa, ai za mu yi ƙoƙari."

Wannan amsar ce ta hana ni barci, shi ya sa na zauna nake wannan rubutun. Ban ga laifin mutumin da ya yi jawabi ba, na san da kyakkyawar niyya ya zo, kuma yaran Zango suna buƙatar wanda zai faɗa musu kalma mai daɗi, don sun sha jin akasinta. Amma shekara da shekaru ina koyar da lissafi a makarantar gwamnati a Kumasi, kuma abin da idona ya gani shi ne yarda da kai ba ta shiga yaro ta kunne. Daga hannunsa take fitowa. Sai ya yi wani abu ƙarami ya gama, ya duba ya ga lalle shi ya yi, sannan zuciyarsa take fara gaskata cewa zai iya na gaba. In ba haka ba duk abin da ka zuba masa a kunne ranar Asabar, kafin Talata ya tsiyaye.

Bari in ba ku labarin yaro ɗaya, ba zan faɗi sunansa ba. Yana aji biyu na JHS ya zo hannuna, dogo ne ya fi kowa tsawo a ajin, kullum yana kujerar ƙarshe, in na shigo da alli sai ya sunkuyar da kai kamar mai neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Da safe kafin ya zo makaranta shi yake kai wa mamansa tukunyar koko bakin titi, kuma wallahi yaron nan in ka ba shi sidi ashirin ka sayi koko da ƙosai na sidi bakwai da rabi, kafin ka rufe baki ya miƙo maka canjinka daidai. Amma ka rubuta masa irin wannan lissafin a allon aji sai jikinsa ya ɗau rawa. Na kira shi wata rana bayan an tashi, na ce me ya faru, ya ce, "Sa, ni kaina ba ya ɗaukan lissafi, tun firamare aka gaya mini." Aka gaya masa. Wani babba ya faɗa masa wannan maganar yana ɗan shekara takwas ko tara, ya ɗauke ta ya rataya a wuya kamar laya.

Ban ce masa ka yarda da kanka ba, don na san ba zai ji ba. Na sayi littafin rubutu ɗaya, na ce kullum bayan an tashi za ka yi mini tambaya biyar, biyar kawai, ka kawo in duba kafin ka tafi gida. Na fara da waɗanda na tabbata zai ci. Ranar farko ya ci huɗu. Na sa jan biro na rubuta 4/5 babba a saman shafin, na ce duba, wa ya yi wannan? Bai ce komai ba, amma na ga ya naɗe littafin ya sa a cikin riga maimakon jaka. Bayan sati biyu na fara ƙara musu nauyi kaɗan-kaɗan, ya faɗi wasu, ya yi fushi, akwai ranar da ya ci ɗaya tak ya ce shi ya gaji, na buɗe masa shafukan baya na ce ƙirga ranakun da ka ci huɗu da biyar. Ya ƙirga. Washegari ya dawo. Ban ce ya zama gwani ba, bai zama ba, amma a BECE, jarrabawar gama JHS, ya samu sakamakon da ya shigar da shi sakandare, kuma abin da ya fi wannan a wurina, ya daina sunkuyar da kai in an ambaci lissafi.

Lokacin da nake karatun koyarwa an karantar da mu wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Albert Bandura, haifaffen Kanada da ya yi aikinsa a jami'ar Stanford a Amurka, ya rasu a 2021. A lokacin haddacewa kawai na yi don jarrabawa, sai da na shiga aji na gane mutumin nan gaskiya ya faɗa. A 1977 ya fito da bayani a kan abin da ke sa mutum ya ji a ransa zai iya wani aiki takamaimai, ya ce tushensa mafi ƙarfi shi ne mutum ya taɓa yin abin da hannunsa ya yi nasara. Bayan wannan sai ganin wani irinka ya yi. Lallashi da baki, wato irin na mai farar shadda, yana can ƙasa, yana taimakawa amma shi kaɗai ba ya jimawa. Kuma da masu tsoron maciji ya gwada abin, mutanen da ko hoton maciji ba sa son gani. Bai tsaya yi musu lacca ba, mataki-mataki ya bi da su, su fara hango macijin daga nesa, su matso, su taɓa akwatin, su taɓa shi da safar hannu, har aka kai inda wasu ke barin maciji ya bi ta kan cinyarsu.

Amma gwajin da ya fi zama mini a rai shi ne wanda ya yi da Dale Schunk a 1981, don a kan yara ne masu tsoron lissafi irin nawa. Sun samo yara 'yan firamare da suka yi baya sosai a lissafin ɗebewa, suka ba su shafi 42 na aiki da za su yi a zama bakwai. Wasu aka ce musu ku yi niyyar gama shafi 6 a kowane zama. Wasu aka ce ku yi niyyar gama duka 42 ɗin kafin ƙarshen zama na bakwai. Ka lura aikin ɗaya ne, lokacin ɗaya ne, shida sau bakwai ai arba'in da biyu ne. Amma 'yan shafi shida suka fi ci a gwajin ƙarshe, suka fi yarda da iyawarsu, har suka fi son yin lissafin don raɗin kansu ba tare da an sa su ba. Bambancin kawai shi ne su kullum suna da inda za su ce yau na gama, su kuma waɗancan sai dai su yi ta hangen dutse daga nesa.

To ni abin da ke ba ni haushi ke nan, mu mun riga su sanin wannan. Duk wanda ya yi makarantar allo a Zango ya san malam bai taɓa miƙa wa yaro izu sittin ya ce je ka yarda da kanka ba. Aya biyu uku zai rubuta maka da tawada, ka zauna ka yi ta maimaitawa, ka zo ka biya a gabansa, in ya zauna ya ce je ka wanke, a yi maka ƙari. Wanke allon nan shi ne jan birona. Yaro yana tafiya da allonsa a jiƙe yana jin yau ya ci wani abu. Izu ɗaya an raba shi sumuni takwas, izu sittin sumuni 480 ke nan, mai hadda ya san in ya riƙe sumuni ɗaya a rana zai iya lissafa wata nawa ya rage masa, kuma ga tilawa a bayansa tana nuna masa inda ya baro. Haka aka yi ta fitar da mahaddata daga gidajen da ko wutar lantarki babu. Hadisi ma ya zo a Bukhari da Muslim cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Mun bar wannan a makaranta, da muka fito harkar duniya sai muka koma cin buri a baki.

Je ka zauna a kowane bes da yamma, wato majalisar da samari ke zama suna dafa shayin ataya, ka tambayi kowa burinsa. Zan haura. Zan yi kuɗi. Zan gina wa tsohuwa gida. Zan kai ta Makka. Duk buri ne masu kyau, Allah ya cika, kuma ban taɓa yi wa yaro dariya a kansu ba. Sai dai babu ɗaya a ciki da yake gaya maka abin da za ka yi ƙarfe bakwai na safiyar Litinin. Wata Bajamushiya mai bincike, Gabriele Oettingen, ta bi ɗalibai masu shirin gama jami'a ta ga waɗanda suka fi yawan zama suna hango kansu cikin daɗin aikin da za su samu, su ne suka fi ƙarancin tura takardar neman aiki, kuma bayan shekara biyu su ne masu ƙarancin tayin aiki da ƙarancin albashi. Kamar zuciya ta riga ta ɗanɗani abin a mafarki sai jiki ya yi sanyi. Ni na yarda da wannan don na gan shi a bes, yaro zai ba ka labarin motar da zai saya har da kalarta, ya tashi daga wurin yana jin kamar ya yi wani aiki, alhali ko fom bai cike ba. Kuma irin wannan yaron shi ne mai sauƙin kamu. Mai cacar ƙwallo a waya da shi yake ci, masu tara yara a ɗaki su karɓi kuɗin rajista da sunan kasuwancin intanet shi suke nema, mai cewa kawo kuɗi in bi da kai ta Agadez zuwa Libiya shi ma haka. Duk da kalmar nan suke zuwa, ka yarda da kanka, kada ka saurari masu karya maka gwiwa.

"Zan yi ƙoƙari" da yaron nan ya ce mini, an yi bincike a kanta ita ma. Edwin Locke da Gary Latham sun shafe shekaru masu yawa suna gwada abu ɗaya a ma'aikatu daban-daban, suna samun amsa kusan iri ɗaya, cewa in aka ce wa mutum yi iya ƙoƙarinka ba ya kai wanda aka sa wa adadi bayyananne mai ɗan wuya, matuƙar ya karɓi adadin a ransa, yana da iyawar, kuma yana ganin sakamakonsa yana tafiya. Akwai na direbobin manyan motocin dakon gungumen katako a Amurka da aka buga a 1975. Ana ce musu su yi iya yinsu, sai ya zama lodin da suke ɗauka bai wuce kashi 60 cikin 100 na nauyin da doka ta yarda motar ta ɗauka ba. Aka ce to yanzu ku nemi kashi 94, ba ƙarin albashi, ba kuma hukunci ga wanda bai kai ba. Cikin 'yan watanni lodi ya haura kashi 90 ya zauna a can. Mutanen nan ba ƙarya suke ba da suke cewa suna ƙoƙari, ƙoƙarin ne ba shi da ma'auni, kowa da inda nasa ya tsaya.

Yayata ba ta taɓa jin sunan Locke ba amma ita ce ta fi kowa iya wannan a gidanmu. Waakye take sayarwa, wato shinkafa da wake. Shekarun baya ta ce tana son firiza don ta riƙa haɗawa da sobolo, wato zoɓo, da ruwan sanyi, ba ta ce Allah ya kawo kuɗi ta zauna ba, ta je ta tambayi farashi, ta dawo ta raba shi da kwanaki, ta ce wa mai susu, wato mai yawon karɓar ajiyar kuɗi, kullum ga abin da zan riƙa ba ka. Katin susu ɗin nan mai gida-gida, kullum aka biya a sa alama a gida ɗaya, ƙarshen wata mai susu ya cire na kwana ɗaya ladansa ya ba ta sauran. Mutane na cewa ai asara ce, kana ba wani kuɗi don ya riƙe maka kuɗinka. Ita kuwa ta ce mini, "Kai dai ba ka gane ba, in kuɗin na hannuna biki zai cinye, suna zai cinye, amma in na san mutumin nan zai tsaya a gabana da la'asar, ko ciniki bai yi ba sai na nemo." Adadi, lokaci, da wani mai zuwa ya duba. Ranar da aka sauke firizar daga aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, a ƙofar gida, yadda take tafiya ma ya canza, kuma tun daga nan in ta ce za ta yi abu ba ta faɗa da shakka.

Ko a maƙwabtanmu an gwada irin wannan. A Lome ta Togo an ɗauki masu ƙananan sana'o'i 1,500 aka raba su uku, wasu aka koya musu darasin kasuwanci da aka saba, lissafin shiga da fita da talla da sauransu, wasu aka koya musu yadda mutum zai sa wa kansa manufa, ya tsara matakai, ya hango cikas tun kafin ya zo, ya tashi ya nema ba sai an ce masa ba, wasu kuma ba a koya musu komai ba. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ribar kashi na biyun ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 a cikin shekara biyu, abin da darasin da aka saba bai kai ba. Waɗannan ba Turawa ba ne, mata ne da maza masu shago da teloli da masu abinci irin na Kejetia da Alabar a nan Kumasi.

Yanzu kada wani ya karanta wannan ya tafi ya ɗora wa na ƙasa da shi lamba ya ce malam ya ce. Adadi wuƙa ne, yana yanka ta ko'ina. Dubi direban trotro, wato bas ɗin haya, ko ɗan pragya, mai keken fasinja mai ƙafa uku, da mai mota ya yanka wa kuɗin da zai kawo kowace rana ko ana ruwa ko ana rana, ga mai ya yi tsada, ga cunkoso. Manufa ce bayyananniya mai wuya, daidai yadda littafi ya ce, kuma tana aiki, shi ya sa yake gudu kamar zai tashi sama, yake tsayawa a tsakiyar titi ya ɗauki fasinja, yake tuƙi da barci a idonsa. A Amurka wani babban banki, Wells Fargo, ya matsa wa ma'aikatansa da adadin asusun da dole su buɗe, suka koma buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba, a 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, an kuma kori ma'aikata sama da 5,000. Mu ma a makarantu muna da namu. In aka ce wa makaranta abin da ake so kawai shi ne kowa ya ci, ba ruwan kowa da ko yaro ya iya, ƙarshenta sai a koma neman apo, wato satar jarrabawa, WAEC ta riƙe sakamako, iyaye su yi ta kuka. Uba ya ce wa ɗansa ko ka kawo agiriget 6 ko kada ka shigo mini gida, alhali shi ne sakamako mafi kyau a BECE, inda ƙaramar lamba ta fi kyau, yaron da ko ashirin bai taɓa gani ba a gwaji, me kake so ya yi? Ko ya yi sata ko ya sare tun kafin a fara. Manufar da ke gina mutum ita ce wadda ta ɗan fi ƙarfinsa kaɗan, ya sa hannu a yanka ta, kuma in ya faɗi yau akwai gobe ba tare da an ci mutuncinsa ba. Direbobin katakon nan ma, a wata na biyu lodinsu ya ɗan sauka, suna gwada ko da gaske ne ba za a hukunta su ba, da suka ga da gaske ne sai suka ɗaga.

Sannan akwai abin da ba na so a yi amfani da maganata a rufe. Yarda da kai ba ta sayen keken ɗinki. Yaron da ke kwana su takwas a ɗaki ɗaya, ba tebur, ba fitilar kirki, ya tashi da asuba ya yi talla kafin ya zo aji, ba daidai yake da ɗan da ake kaiwa makaranta a mota ba, kuma zalunci ne a ce masa matsalarka ita ce ba ka yarda da kanka ba. Karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017 ya shigar da yaran Zango da yawa makarantar da da ba za su gani ba, na ga wannan a cikin ɗalibaina, kuma ba wani jawabi da zai yi abin da cire kuɗin makaranta ya yi. An kafa Asusun Raya Zango a wannan lokacin ma, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tambayar kowace gwamnati me aka yi da shi, makaranta nawa, yara nawa aka koya wa sana'a suka samu kayan aiki. Su ma a sa musu adadi da lokaci, kada su ce mana za mu yi ƙoƙari. Abin da nake faɗa shi ne, a cikin ɗan abin da ke hannunmu, mu iyaye da malamai da masu gidan sana'a, akwai abin da muke ɓatawa da bakinmu da kuma rashin tsari, wanda ba sai an jira Accra ba.

Wasu kuma za su ce duk wannan lissafin na mene ne, abin da Allah ya rubuta shi zai faru. Haka ne, ba mai ja. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ɗaure ta sannan ka dogara. In sha Allahu da muke faɗa ya kamata ta zo a bayan abu bayyananne, zan biya shafi biyu kafin Magariba in sha Allahu. Mu kuma mun mai da ita abin da ake faɗa in ba a son a ɗaure kai da komai.

Batun ganin wani irinka ya yi, nan ma muna kuskure. Kowa a Zango yana alfahari da Mohammed Kudus, ɗan Nima, ranar da ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar duniya ta Qatar a 2022 unguwarmu ba wanda ya zauna. Kuma yana da amfani yaro ya ga wanda ya taso a lungu irin nasa ya kai can. Amma yara suna ganin ƙarshen ne kawai, ba sa ganin shekarun da ya yi a makarantar ƙwallo ta Right to Dream tun yana ƙarami, atisaye safe da yamma, sannan Denmak, sannan Ajax, kafin Ingila. Kuma Kudus ya yi nisa, yaro zai iya cewa ai shi daban ne. Wadda ta fi yi wa ɗalibata aiki ita ce yarinyar gidan da ke kallon nasu, wadda ta faɗi lissafi a WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ta sake zama a Nobdek, wato wadda ake yi a ƙarshen shekara, ta ci, yanzu tana makarantar koyon jinya tana dawowa hutu da farin kaya. Wannan in ta ce mata ga yadda na yi, kullum tambayoyin shekarun baya guda goma bayan Isha'i, maganar tana shiga. Irin waɗannan ya kamata masu shirya taro su riƙa ba makirfo, ko da ba su iya jawabi ba, kuma kada a tashi taron sai kowane yaro ya rubuta abu ɗaya da zai gama kafin Juma'a da sunan wanda zai nuna wa.

Ɗan yayata, ɗan mai waakye ɗin nan, yana koyon gyaran mota a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi. Shekararsa ta farko kusan duka a wanke sassan inji da fetur da miƙa sifana da zuwa sayen abinci ta ƙare, ya dawo wata rana hannu duk baƙin mai ya ce, "Kawu, ni fa zan bari, har yanzu ban iya komai ba, mastana ko kallona ba ya yi." Na ce ba ka iya komai ba, ko ba ka san abin da ka iya ba? Muka zauna a kan benci a ƙofar gida na ɗauko takarda, na ce faɗa mini duk abin da za ka iya yi wa mota yau ba tare da an tsaya a kanka ba. Ya fara da kyar, canza mai, canza fulog, cire taya, canza takalmin birki, duba ruwan lagireto. Kafin mu ankara mun cika rabin shafi, shi kansa ya yi mamaki. Na ce to cikin abin da ba ka iya ba, wanne ne ya fi kusa? Ya ce kuloc. Na ce wata ɗaya.

Na je Magazin da kaina na gaida mastan nasa, dattijo ne, ba mugu ba ne, shi ma haka aka koya masa, kallo da haƙuri har shekaru su wuce. Na ce, "Baba, alfarma nake nema, in aikin kuloc ya shigo a bar yaron nan ya sa hannu kuna tsaye, in ya ɓata ku gyara masa." Ya yi shiru yana goge hannu da tsumma, ya ce ai bai taɓa tambaya ba, ya ɗauka yaron ba ya so ne. Sati uku bayan nan wayata ta yi ƙara ina cikin aji, ban ɗauka ba, da na fito na ga hoto ya turo, wata tsohuwar tasi a kan jak, shi yana tsugune a gefenta da tsohon faifan kuloc a hannu. Takardar nan tana nan manne a bangon ɗakinsa, ya ƙara layi huɗu a ƙasa da nasa rubutun. Yanzu giyabos yake bi, ya ce wannan wata ɗaya ba zai isa ba, mastan ya ce a ba shi uku, kuma Asabar mai zuwa in sha Allahu zan leƙa in ga inda suka kai.